Kada Ka Sauka Rijiyar Tozai

Illela, ranar Talata.

Zuwa ga Malam Hamidu, sanyin idanuna, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar gawo a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganyensu, mijin da Allah Ya jinkirta mini har sai da na yi furfura domin in san darajarsa. Amincin Allah ya tabbata a gare ka.

Bayan gaisuwa, ina rubuta maka wannan takarda layukana sai karkacewa suke yi, ni da na shekara talatin da biyar riƙe da alli ban taɓa jan karkataccen layi a allo ba.

Ƙasar da ka aiko mini a ƙullin leda daga gindin tsohuwar rijiyar Tozai, wadda ka yi wa mutanen gari alkawarin za ka ƙara mata zurfi jibi Alhamis, na zazzage ta a faranti. Na murza ta, na yayyafa mata ruwa, na dunƙula, ta ƙi dunƙuluwa. Ba yumɓu ba ne, abin ƙaunata. Rairayi ne mai laushi kamar garin gero, wanda ya sha ruwa ya ƙoshi. Kai da bakinka ka ce zoben siminti ya ƙare a gaba tara, daga nan zuwa ƙasa bango tsirara yake. Irin wannan rairayi yana tsaye ne kawai don ba a taɓa shi ba. Duk bokitin da ka kwashe, na gefe zai malalo ya cike gurbinsa, bayan bango ya zama kogo, abin da ke sama ya rasa mazauni. Ba ya tsagewa ya yi gargaɗi, ba ya ƙara. Wa zai ja ka da igiya ya riga shi sauri?

Ina 'yar shekara goma sha bakwai aka zana mana wannan a allo, ni kaɗai mace a ajin ilimin duwatsu da ƙasa na manyan ɗaliban sakandare. Na haddace shi, na ci jarrabawa da shi, na yi ta ɗaga kai a kansa shekara hamsin. Ashe ajiya na yi wa kaina! Yau ina kishin matar da ba ta san kome ba, wadda za ta ce Allah Ya tsare, ta ci tuwonta. Ni kuwa ina rufe ido sai in ga zanen nan, in gan ka a ƙarƙashinsa.

Ka tuna Kalmalo? Na kai ɗalibaina su ga yadda ake haƙa rijiya, ka fito daga rami fari fat kamar an tsoma ka a gari. Ka jera mana ƙasar kowace gaba a kan tabarma, ja da fara da mai ruwan toka, kana ɗanɗana kowace a harshe kana faɗin halinta. Abin da na kwashe shekaru ina koyo a littafi, kai harshenka ya san shi. Sannan ka miƙo mini farin dutse mai hoton katantanwa a jikinsa. Da na ce teku ce ta taɓa kwanciya a nan tun kafin a yi mutane, kowa ya yi dariya, kai kaɗai ka tambaye ni inda ruwan ya tafi. A wannan tambaya zuciyata ta faɗa, zuciyar da na ɗauka ta daskare kamar marmara tun rasuwar mijina na fari.

Na san laifina. Jiya a waya na yi maka magana da muryar aji, alhali na ji abokan aikinka a kusa da kai. Na ce ba ka san ƙasa ba. Kai, wanda ya shayar da garuruwa daga nan har bayan Ƙonni! Ka kashe wayar, kuma na san halinka, yanzu sauka ta zame maka dole don kada a ce mace ta hana ka. Mi ya kai harshena? Tsoro ne, wallahi, ya sa rigar girman kai, domin ita kaɗai ce rigar da na iya sawa. Ban taɓa durƙusa wa namiji ba, amma ga ni a durƙushe cikin takarda. Ka yafe mini.

Ga abin da nake roƙo. Ka dakata a zuba sababbin zobba, su bushe, a riƙa saukar da su suna gaba haƙa tana biye. Kada ka sauka kafin nan, kada kuma ka tura ɗan kowa. Ka ce wa mutanen gari shawararka ce, ba zan taɓa cewa tawa ba ce.

Ga kuma abin da zan bayar. Shekara goma sha ɗaya muna auren ɗauki sandarka, ni a gidan da na gina da gumina, kai kana zuwa Juma'a kana komawa Asabar. Kowace sallah kana roƙona in tare, ina cewa ba a haifi wanda zai raba ni da ɗakin littattafaina ba. To, an haife shi. Zan rufe gidan nan, in kwashi duwatsuna, in tare a Tozai, in ɗebi ruwa a layi tare da matan gari. Mi zan yi da gida idan babu wanda zai yi sallama a ƙofarsa?

Ƙanwarka Tasalla za ta kawo maka wannan, ka ba ta amsa ta dawo da ita gobe. Idan ban ji kome ba, za ka tarar da ni da hantsin Alhamis a bakin rijiyar, zaune a kan igiyarka. Duk Tozai ta taru ta yi wa Malama dariya, na yarda. Sai dai ka ɗaga ni da hannunka, kuma na san ba za ka iya ba.

Taka ce ni a yau, taka ce har ranar da za a mayar da ni ƙasa, kuma ina roƙon Allah ni ce zan riga ka shiga.

Matarka,
Shafa'atu