Muryar Hajiyar da ke yawo a wayoyinku, tawa ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ni ban yi boko ba, murya na aiko wa mai shafin, na roƙe ta ta rubuta sannan ta goge. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, na haifi da yawanku.

Tuwo nake sayarwa a unguwar Manshiya, nan Sabha ta ƙasar Libiya. Da, duk labarin gida a bakina ake jin sa. In saurari rediyo, in tambayi direbobin da suka iso daga Agadas, magina su zauna da kwanoninsu ina zuba musu wa ya hau, wa ya sauka, har miya ta huce. Yanzu kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Rannan na fara ba su labarin sabon gwamnan jiharmu, wani ya ce, "Inna, wannan ai ya kwana, mun gani a guruf." Suka kwashe da dariya. Ni za a ce wa labarina ya kwana?

Tun ina yarinya na iya sauya murya, a tatsuniya ni ce kura, ni ce gizo. Na shige ɗaki, na danna wayata, na yi muryar hajiyar birni mai magana ta hanci, na ce mijina babba ne a gwamnati, an sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ƙasarmu da Libiya, bayan Juma'a shurɗa, wato 'yan sandan nan, za su bi gida gida su kwashe duk marar iƙama, takardar izinin zama. Na tura wa maƙwabciyata, na ce turo mini aka yi. Wallahi niyyata washegari in ce musu, "Ga wayar taku, ni ce!" mu yi dariya.

Washegari babu mai dariya. Wasu sun ƙi fita aiki. Muryar ta dawo mini ta hannu daban-daban, har an liƙa mata hoton tuta. Kunya ta rufe mini baki.

Sai ga Iliya (na sauya sunan), magini ɗan Tawa da ke ɗaukata uwa. Ya sayar da kayan aikinsa, ya gama magana da masu kai mutane arewa, jibi zai nufi bakin teku don ya tsallaka da matarsa, ga ta da tsohon ciki. Na ce, "Ɗana, ƙarya ce, zauna." Ya ce, "Inna, kina bakin murhu, ita mijinta yana cikin gwamnati. Wa ya fi sani?" Ya kunna mini muryata a kunne. Na ce, "To in ni ce fa?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Inna ke nan! Ƙara mini miya."

In na yi masa muryar nan a gabansa zai yarda, amma kafin la'asar duk Manshiya ta ji. Da wane ido zan dubi waɗanda suka rasa aiki? In ta kai kunnen hukuma fa, baƙuwa ta yi musu ƙarya, ga iƙamata ta mutu tuni? Ko kuwa in sake zama Hajiya, in ce an fasa kamen, tunda ita yake saurare ba ni ba? Ƙarya kan ƙarya ke nan, da furfurata.

Ɗazu matarsa ta aiko a ara mata igiyar ɗaure kaya. Ban ba ta ba tukuna. Jama'a, me zan yi?