Wutar Ranar Gwaji na Ashirin da Uku

Ambursa,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Aminullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya sauƙaƙa maka karatu a wannan ƙasa mai nisa. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har tana fita barka. Ƙanwarmu Maimuna ta sauka lafiya a Badariya, an samu mace.

Batun man da ka koya mini ne. Na bi bayaninka daki-daki. Na matse 'ya'yan dogonyaro, na zuba man a ganga, na shirya gasasshiyar farar ƙasa da tokar ɓuntun shinkafa a bututu yadda tururin zai ratsa ta cikinsu, kamar yadda ka zana. Ka ce su ne ke farfasa man ya koma dangin fetur. Tun Disamba na yi gwaji talatin da ɗaya, kowanne da shafinsa a littafina: rana, yawan mai, nauyin ƙasa, launin hayaƙi. Galibi baƙin ruwa mai wari nake samu, ko wani abu kamar kakide.

Sau ɗaya ya yi. A gwaji na ashirin da uku ya ɗigo garau kamar kananzir, injin ban ruwan da Baba ya bar mana ya sha shi minti arba'in ba tari. Amma ranar ba ni na kula da wutar ba. Na tafi jana'iza Gulma, na bar wa matata Sa'ida. Da na tambaye ta yadda ta yi, sai ta yi dariya, ta ce wuta dai irin ta turara shinkafa, wai ni mai rubuta har tashin zakara ai na fi ta sani. Ka ce zafin ya haura digiri ɗari huɗu, ni kuwa ba ni da ma'aunin da ke kaiwa can. Sau shida ta sake hura mini, bai ƙara fitowa ba. Shafin gwaji na ashirin da uku ne kaɗai ke da gurbi, na karanta shi har ya fara yagewa. Wani lokaci ina zargin ko akwai sauran fetur a galan ɗin da na tara shi, ban lura ba.

Makon jiya, ganin fetur ya fi ƙarfina, na zuba na gwajin ƙarshe a injin duk da zuciyata ba ta kwanta ba. Ya cinye robobi, ya lalata kafireta. Dikko bakanike na Argungu ya shinshina, ya ce tsami ne, ya tambaye ni ko miya na dafa wa injin. Ya ce gyaran sai sati biyu. Shinkafarmu ta fadama ta ɗauki ciki, ƙasa ta fara tsagewa, ba za ta jira kwana biyar ba. Maƙwabta duk injinansu na bakin aiki.

Ban rubuto don ka ji laifi ba. Wataƙila ilimin daidai ne, hannun ne ba nasa ba. Kai ma gonarka ce, shi ya sa nake sanar da kai cewa jiya na bai wa maƙwabcinmu Dankure rabin gonar da ke bakin gulbi ya shayar, ya girbe abinsa, don ya jawo mana tiyo zuwa sauran. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Idan kun yi waya, ka bari ta ji daga bakina.

Inna, Sa'ida, Maimuna da jaririyarta Baiwa suna gaishe ka. Ka gaida mai ɗakinka Nazifa.

Yayanka,
Sunusi