Ni na koya wa surukata shan zaƙi, amma Ladi ake zargi

Barka da aiki mai wannan shafi, barkanku masu karatu, Musulminku da Kiristanku. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙonku kuma, kafin wani ya ɗaga yatsa ya fara wanke ni a ƙasan rubutun nan, ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi, shawara nake nema.

Ni matar aure ce a Funtuwa, shekarata tara a gidan miji, yara biyu. Ina aiki a wani shagon buga takardu, katin biki, kalandar coci, irin waɗannan dai. Tun da aka fara buɗe wuraren shan kofi da ayis kirim na zamani a garin nan, mu suke kawo wa aikin buga tikitin rangwamensu, in an gama su zari biyu ko uku su ce, "Madam, ga naki." Ni kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, Allah ya zuba mini son araha. Ko maganin ɓera aka ce an yi wa rangwame sai na tsaya na leƙa. Jakata cike take da tikiti, sai dai kusan dukkansu sharaɗinsu ɗaya: a sayi ɗaya a ba da ɗaya kyauta, amma sai mutum biyu, kuma a nan za a zauna a ci, ba a ƙullewa a leda. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, yau Bakori gobe Dandume, in ka ce masa kofi sai ya ce kokonsa da ƙosai ba su yi masa laifin komai ba. To da wa zan je?

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Mama, tana ƙauyensu wajen Gozaki. Tana da ciwon suga, kuma tun rasuwar Baba, mijinta, ta zama kamar rediyon da aka cire wa batir, sai ta yini ba ta ce uffan ba. Ladi, autarsu, ita ke zaune da ita. Yarinyar nan ta gama karatun koyarwa, an ba ta aiki a Malumfashi ta ƙi zuwa, ta ce to wa zai dafa wa Mama? Ita ke kai niƙan alkama, ita ke bin kasuwa neman acca, ita ke dama kunu ba suga ta zauna sai ta ga an shanye. Nawa aikin bai taka kara ya karya ba. Ranar asibiti Ladi ta sa Mama a mota, ni in tare ta a tasha, in kai ta a gwada ta, in mayar da ita mota. Shi ke nan abin da aka ɗora mini, shi ɗin ma na kasa riƙewa.

Ranar da abin ya fara, Mama ta zo ba ta karya ba saboda gwaji, muka sha layi har rana ta take. Da muka fito leɓenta duk ya bushe, sai na ce mu shiga wani sabon wuri da ke kusa ko iskar fanka ta sha, in saya mata shayi ba suga. Allah shaidana, niyyata ke nan. Amma hannuna ya shiga jaka ya ci karo da tikiti, kwaɗayi ya ce mini ai yau ga mutum biyu. Yarinyar wurin ta kawo kofi biyu na ayis kirim, na ce ta ƙulle mini, ta ce, "Anti, na tikiti ba a ƙullewa." Ku da kuka san al'adarmu kun san halin da na shiga. Shekara tara ban taɓa kai loma baki a gaban Mama ba, in mun je ƙauye a madafa nake ci, in na ji takunta in rufe kwano. Sai na juya kujerata na fuskanci bango ina sha kamar ɓarauniya, ɗaya kofin yana can yana narkewa a kan tebur. Sai na ji muryarta a bayana, "Amarya," don har yau haka take kirana, "wannan na waye yake tsiyaya?" Na ce, "Mama, likita ya hana ki." Ta ce, "Ci ya hana ni, ban ji ya ce kar in ɗanɗana ba." Kafin in juyo ta kai cokali baki. Ta runtse ido, ta dafe kunci, ta ce, "Wayyo haƙorina! Wane mugu ne ya sa wa nono ƙanƙara?" Sai ta fashe da dariya, dariya har da hawaye, irin wadda rabon da a ji ta tun Baba yana raye. Ta ce, "Juyo mana, 'yar nan, bangon ne surukinki?" Na juyo. Muka shanye tas, ni da surukata, ido cikin ido.

Jama'a, da ku ne a wurin, da za ku fisge cokalin daga hannunta? Ni dai ban iya ba. Na ce sau ɗaya ne, sau ɗaya ba ya kisa. Wata ranar asibitin da ta zagayo, tun a tasha ta raɗa mini, "Akwai 'yar takardar nan?" Daga nan muka buɗe shafi. Mun je mai yogot da kankana na hanyar Zariya, mun je wani bene inda ake zana fure a kan kofi, ta kurɓa ta ce wannan ai ruwan maɗaci ne aka yi wa kwalliya, ta ture shi ta jawo kek ɗina. Mun ci donat, mun sha wani abu da dabino da madara da ko sunansa ba mu iya faɗa ba. Matar da ba ta magana ta koma ba ni labarin yadda Baba ya biyo ta a keke har gonar auduga, da yadda mijina ya yi fitsarin kwance har ya shiga firamare. Ta ce mini, "Shekara hamsin ina ɗora tukunya, ba wanda ya taɓa zaunar da ni a kujera ya kawo mini abu a faranti ya ce in ci lafiya." Ni marainiya ce, uwata ta rasu ina aji uku. Ku fahimce ni, ba kek ɗin kaɗai nake zuwa ci ba.

Inda na tafka babbar ɓarna shi ne ajin koyon kek. Wata mata ta kawo mu buga mata tikiti, mako shida, duk Talata, mutum biyu a kuɗin mutum ɗaya. Na nuna wa Mama don mu yi dariya kawai, sai ta ce, "Rubuta sunana." Na ce me za mu ce wa Ladi? Ta ce a ce asibiti sun ce a riƙa kawo ta motsa ƙafa duk mako. Ni da bakina na kira Ladi na shirga mata wannan ƙaryar, har tana mini godiya, tana cewa, "Anti, Allah ya saka, ɗawainiyar ta yi miki yawa." Mama ta ɗaura kyallen girki a tsakiyar 'yan mata, suna kiranta Kaka. Aka ce kowa ya zana fure a kan kek ɗinsa, ita ta zana kan auduga ya tsage fari fat, malamar ta ce a tafa mata. A ajin nan kuwa abin da ka gasa naka ne, ka tafi da shi gida. Nawa yara su cinye, nata ta sa a kwano ta naɗe da zanen zumuntar matan coci ta cusa a ƙasan jaka, ta je ta ɓoye a akwati tana gutsura har mako ya zagayo. In gwaji ya matso sai ta kama baki kwana uku, ta yi ta shan ruwan shuwaka. Na sani. Duk na sani, na yi shiru. A tasha ta taɓa riƙe hannuna ta ce, "Amarya, abin da aka ci a Funtuwa ya tsaya a Funtuwa. Ki yi mini alkawari a gaban Allah." Na yi mata.

Da kaka ta yi, ta bi masu karyar masara gona, kututturen kara ya soke ta a ƙafa. Ɗan ciwo ne wanda ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa, ya kumbura, ya fara wari. Aka kwantar da ita, aka ce sugan ya hau fiye da kima kuma ya daɗe a sama. Sai da suka cire mata yatsu biyu. Ina tsaye riƙe da fulas ɗin ruwan zafi likita ya dubi 'yan'uwa ya ce, "Wa ke kula da abincinta?" Duk ido ya koma kan Ladi. Yaya Bitrus, wan mijina, bai ko bari mun fita daga ɗakin ba ya hau ta: "Ke da aka bar ki a gida ba aikin fari ba na baƙi, tuwon tsohuwa ɗaya ya gagare ki? Waya kike latsawa ko me?" Ladi ta ce, "Yaya, ko zuma ba ta shiga gidan nan," ya ce ta rufe masa baki. Mijina ya ƙara da nasa. Mama ta juya fuska bango. Ni kuwa na san komai. An bar jaki ana dukan taiki a gabana, ban ce ƙala ba.

Da aka watse na durƙusa gaban gadon na ce, "Mama, ki sake ni daga alkawarin nan, bari in faɗa." Ta ce, "Ki faɗa ki ce me? Kin san ɗana, kin san Bitrus. Ranar da suka ji, ranar za ki bar gidan nan, jikokina su tashi a hannun wa? Ni na kai cokali bakina, ba ɗura aka yi mini ba." Na ce to ke ki faɗa musu, ba sai kin sa sunana ba. Ta ce, "In ce a ina na samu, kek a gona yake tsirowa? Ladi 'yata ce, za ta huce. In kika buɗe baki ban yafe ba." Ta ja zane ta rufe kai.

Amma Ladi ba ta huce ba. Yarinyar ta rame kamar ita aka yi wa aikin. Ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa don matan coci suna bin ta da kallo, ana cewa ga mai ilimin da ta kasa riƙe uwarta. Ta je ta yi faɗa da maƙwabciyarsu, tsohuwar da suke zaman lafiya shekara da shekaru, wai ita ke ba Mama rake a ɓoye, yanzu ko gaisuwa ba sa yi. Ni kuma tikitin da ke jakata duk na cusa su a murhu, amma wannan ya mayar da yatsu ne? Ya wanke Ladi? Sau biyu ina zama gaban mijina da niyyar faɗa, in ya ce "Mene ne?" sai in ce gishiri ya ƙare. Na je gidan matar fasto, na zauna har na sha ruwa, na tashi na ce gaisuwa ce kawai ta kawo ni.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, 'yan'uwa sun zauna sun yanke shawara. Wai a ɗauke Mama daga hannun Ladi a dawo da ita Funtuwa, gidana, don ni ce mai kula, ni ce ban taɓa fashin kai ta asibiti ba, har da na motsa ƙafa duk Talata. Yaya Bitrus har da sa mini albarka a gaban kowa. Kai jama'a! An ba kura ajiyar nama ana kuma yi mata godiya.

Jiya da rana ina shago sai ga Ladi, ta shigo da wani littafin makaranta duk ya yi laushi don shan hannu. Ashe tun da aka gano ciwon Mama take rubuta duk abin da ta dafa mata, safe, rana da yamma, ba ranar da ta tsallake. Ta ajiye shi a gabana, ta durƙusa a ƙasan shagon nan mutane suna kallo, ta ce, "Anti, ke kin fi ni sanin abin nan, kina jin bayanin likitoci. Na karanta shi ya fi sau goma ban gano ba. Don Allah ki duba mini inda na yi kuskure na jawo wa Mama wannan. Ba don in kare kaina ba, don kar ke ma ki maimaita." Na ɗaga ta, na ce zan duba. Ta ce ranar Asabar za ta kawo Mama da kayanta, sai in gaya mata abin da na gani.

Na buɗe littafin, shafi bayan shafi, tuwon alkama, faten acca, zogale, kunu ba suga. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. In na faɗi gaskiya na karya alkawarin da na yi a gaban Allah, tsohuwar da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta ta ce ba ta yafe ba, kuma aurena sai yadda hali ya yi. In na yi shiru, yarinyar da ta ajiye aikinta don uwarta za ta ci gaba da yawo da laifina a ka, tana neman kuskuren da ba ta yi ba. Yau Alhamis. Jibi za ta tsaya a ƙofar gidana ta dube ni ta ce, "Anti, kin gano?"

Don Allah ku taimake ni, me zan yi?