Gugan Haruna, Gugar Abdulrazak

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Yau wata goma sha huɗu rabona da Mirriya. Matata Sakina ta daina tambayar ranar zuwana, sai dai ta ce yara suna gaisuwa.
Aikin bai canza ba. Malam Haruna ya auna ruwan rijiyoyi biyar na wajen Damana duk mako, ni nan Filinge in zuba lambobin a manhajar lissafi ta R, in ja layi da smooth.spline. Rijiyar da layinta ya faɗi, ita proje, shirin da muke wa aiki, zai ƙara wa zurfi.

Laraba, 8 ga Mayu
Rapor, wato rahotonmu, ya tafi Yamai. Na buɗe kwafina, layuka biyar sumul. Ramin Afrilu, inda ruwa ya ja baya, babu shi. Ba rijiya ko ɗaya a jerin waɗanda za a gyara.
Abdulrazak ne, abokin teburina. Ya ɗaga spar daga 0,4 zuwa 0,95. Lambar nan ke sa layi ya bi ɗigogi ko ya miƙe ya bar su. A biro, wato ofis, guga muke ce mata. Ni na koya masa. Kuma sunana ne a shafin farko.

Alhamis, 9 ga Mayu
Abdulrazak ya ce, "Yaya, shef, mai gidanmu, ya ce layinka kamar sawun maciji. Tsohon nan fa da gaba yake awon igiya, ba da mita ba."
Wai Yaya.

Asabar, 11 ga Mayu
Na je Damana. Na yi ta kame-kame wajen yi wa Malam Haruna bayani. Ya ce, da laƙabin Faransanci da ake kiran ma'aikata, "Mushe, mi aka goge? Ni guga guda na sani, shi ko da laka yake hitowa."
Sai ya ƙara da abin da ban so ji ba. Mako uku na Afrilu yana kwance da zazzaɓi, ƙanensa Aminu ya auna masa rijiyoyi biyu na nesa. Na ga Aminu. Hannunsa bai kai na yayansa tsawo ba, dole gaba ta yi yawa a igiya. Ramin biyun nan na bogi ne, ni kuma na bi shi ido rufe.

Talata, 14 ga Mayu
Abdulrazak yana da gaskiya a biyu. Amma biyar ya goge, bai tambayi kowa ba. Taku uku ne tsakanin kujerarsa da tawa.
Na cire ɗigo shida na Aminu, na bar injin ya zaɓi lambar da kansa: 0,6. Na zana ɗigogin a kan layi, kowa ya gani da idonsa. Na tura wa shef.

Juma'a, 17 ga Mayu
Yamai sun karɓi gyaran. Abdulrazak ya ajiye shayi a gefen teburina. Na sha, don dai kada ya huce.
Abin da na iya cetowa: ɗigo ɗari biyu da casa'in da huɗu cikin ɗari uku. Rijiya uku cikin biyar za a ƙara wa zurfi.