Ni Ba Ɗan Wasa Na Huɗu Ba Ne

Zuwa ga ɗana na fari, can ƙasar da karatu ya kai ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya sanyi, ya aiki? Mu nan Cadawa lafiya lau, an gama cirar gyaɗa. Na rubuta wannan a fili, inda abokanka da malamanka za su gani, don duk lokacin da na taso da maganar a waya sai ka ce, "Baba, za mu duba."

Bari in tuna maka ko ni wane ne. Na bar lakol ina aji uku na kwalej, shekarar da kakanka ya rasu, kuma ba wanda ya ce in koma. Na sayar da mai a kwalba bakin hanyar Gazawa. Gyaran babur da ido na koye shi. Injin niƙa na farko a unguwarmu ni na kafa shi. Na gina gidan da aka haife ka, na haƙa rijiyar da maƙwabta ke ɗiba har yau, na je Makka da gumina. Na sa ka lakol, ka yi ta tafiya har ka wuce inda idona ke kaiwa. A duk wannan ban taɓa durƙusa wa kowa a buro, wato ofis, ba.

Amma daga nan har Cadakori ba da inji aka san ni ba. Da dara aka san ni, da tarkon nan nawa: ka bar wa abokin wasa ɗa ya ci, ka ƙara bar masa wani, yana ta murna, sai ya duba ya ga duk inda ya motsa ci ne a kansa. Na yi shekaru ina tona ramuka a yashin bayan inji, ni kaɗai, kafin ya zauna daidai. Ba ni na raɗa masa suna ba. Mutane ne suka ce tarkon Sanda.

Sai ga ka da malamanka biyu na jami'a, mace da namiji, da wani mutumin kamfanin da ke ƙera wasannin waya. Ka ce suna binciken yadda mutum ke tunani in yana dara, kamfanin kuma zai sa ta a waya don kada ta ɓace. Ba zan yi musu ƙarya ba: sun tuɓe takalmi, sun zauna ƙasa, sun sha hura, matar har ta iya wasan. Na rufe inji saboda su, har ranar kasuwa. Suka kafa kyamara bisa ramuka, hannu kawai take ɗauka. Na buɗe musu tarkon daki-daki, abin da na hana abokan wasana tun muna samari. Na buɗe ne don kai ke zaune gefena kana fassara.

Da ka aiko min da abin da suka rubuta, na sa tabarau na zauna da ɗan faransancin da ya rage min. Na ga sunan malamai. Na ga naka, na yi hamdala. Na ga na kamfani, har direban da ya kawo su an gode masa da sunansa. Sai ga hoton hannuna, da tabon da bel ɗin inji ya bar min a yatsa. A ƙarƙashi an rubuta: ɗan wasa na huɗu.

Ka ce dokar bincike ce, ana ɓoye sunan wanda aka yi aiki da shi don a kare shi. A kare ni daga wa? A garin nan ɓarawo ake sakaya wa suna don darajar iyayensa, ko mai ciwon da ake jin nauyin faɗa. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son wannan kariya. Kuma ban ga an kare kamfanin ba, sunansa ke fara fitowa da manyan baƙaƙe duk wanda ya buɗe wasan.

Ranar kasuwar da ta wuce na zauna da wani baƙo daga Gidan Rumji a inuwar tasha, ƴan kabu-kabu sun kewaye mu. Na ɗana masa, ya faɗa. Sai wani matashi, sa'an ƙanenka, ya ce, "Ashe Alhaji ma ya iya na waya. Wa ya sauke maka?" Ya ciro wayarsa ya nuna min. Ga tarkona a matakin ƙarshe, an sa masa suna tarkon hamada. Aka yi ta dariya. Na waiga in ga wanda zai ce ba haka ba ne. Malam Nomau da Idi Dogo, waɗanda suka fara faɗawa cikinsa har suka yi masa suna, duk suna kushewa. Na share ramukan da ƙafa na tashi. Tun ranar ban sake zama dara ba.

Kada ka aiko min da kuɗi, ba su na tambaya ba.

Kana ƙarami, kana rarrafe kusa da inda muke wasa, ka haɗiye ƙwallon dabinon da nake dara da shi. Na ɗaure ka a ƙirji da rawanina na hau babur zuwa likita, marigayiya mahaifiyarka na biye da mu da gudu ba takalmi. Likita ya ce zai fita da kansa. Ta ce, "In ka sake kawo darar nan gidana, ni da kai ne." Kafin ranar kasuwar nan, wannan ne kawai wasan da na taɓa tashi na bari ba a gama ba, kuma ban yi nadama ba.

Ina jin na san abin da ke ranka. Tun da ka buɗe baki ba ka taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kiran naka ba. Haka muka tarar, haka na tarbiyyantar da kai. Wataƙila da suka ce za a ɓoye, sai ka ji sauƙi, ba sai ka tsaya gaban baƙi ka ambaci sunan ubanka ba. In haka ne, na ɗauke maka wannan kunyar. Ni da bakina na ba ka izini.

Allah ya yi maka albarka, ya kare ka a baƙon wuri, ya ba ka ƴaƴan da za su tsaya maka. Allah ya jiƙan mahaifiyarka.

Gobe ka shiga buron malamanka ka faɗa musu na gode da kariya, ba na so. Su gyara takardarsu, kamfanin ya gyara wayarsa, tun ina da ido in gani. Inda aka sa ɗan wasa na huɗu, inda aka sa hamada, a goge a rubuta wannan, kada a rage ko baƙi ɗaya:

Alhaji Sanda ɗan Bawa, Mai Inji, Cadawa.

Mahaifinka.