Ruwan Garehul ɗin Umma

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya gajiyar yawon tattara tsirrai? Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. 'Yan biyu suna gaishe ka. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direban ofishinku wannan takarda.

Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Daga asibiti nake rubuto maka. Shekaranjiya da hantsi Umma ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Kafin maƙwabta su kama mini ita zuwa mota, hannuwanta sun yi sanyi ƙalau. Likita ya ce jininta ne ya sauka sosai, kamar wadda ta sha maganin hawan jini fiye da ƙa'ida.

Ka san ni ke ba ta maganin. Likitan na rufe baki yayarka ta juyo, a gaban ma'aikatan jinya ta ce, "To, wa ke ɓalle mata ƙwayar?" Na rantse mata ban taɓa ƙarawa ba. Sai ta zare maganin daga jakata ta jefa a tata. Yanzu ko ruwa zan ba Umma, sai ta karɓi kofin ta leƙa.

An sa mata ƙarin ruwa. Takan buɗe ido ta sake lumshewa. Ni kuwa har na fara zargin kaina. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Uwar 'yan biyu

Zuwa ga maigidana,

Ina sake gaishe ka, da fatan kana lafiya. Alhamdulillahi, Umma ta farfaɗo, har ta yi mitar gadon asibiti ya fi dutse tauri.

Jiya mai haɗa magunguna ta zo ta zauna, ta ce in faɗa mata duk abin da Umma ke ci da sha. Da na ambaci ruwan garehul, lemun nan mai ɗaci, babban kofi safe da yamma tun da itacen tsakar gida ya nuna, sai ta ajiye bironta. Ta ce dangin lemu suna ɗauke da sinadaran da ake kira filabanon, masu amfani ga jijiyoyin jini, amma garehul daban yake. Wanda ke ba shi ɗacin nan, da wasu sinadaran cikinsa, suna hana jiki sarrafa irin maganin Umma, sai ya yi ta taruwa a jini.

Yayarka ta tambayi wanda ya sa ta shan abin. Umma ta ce, "Ni na sa kaina."

Maigida, ni na riƙe mata wayar ranar da kake ba ta labarin bincikenka, kana cewa ta dage da garehul saboda zuciyarta. Na san don alheri ka faɗa. Da yayarka ta fita, Umma ta damƙe wuyan hannuna ta ce kada ka ji, kada kowa ya ji. Har yanzu yayarka na cewa ai ni ke matsa mata ruwan. Na yi shiru, zan kuma ci gaba da yin shiru.

Na so in bi umarnin Umma in ɓoye maka, amma ta faɗa mini kawunka ma ka ba shi wannan shawara, kuma maganinsu iri ɗaya ne. Na kira shi da safe. Dariya ya yi, ya ce shi maganar masani ya riƙe, ba ta 'yar gida ba, kuma yanzu ya gama shanye kofinsa.

Don girman Allah, kana karanta wannan ka nemi inda waya ke shiga. Kada ka fara da ni, kada ka fara da Umma. Shi za ka kira.

Matarka mai jiranka,
Uwar 'yan biyu