Kangon Gidan Baba a Anka

Yaya Hajo, assalamu alaiki.

Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye sai dai a karanta miki, ni ma bara na gama ajin manya a Gummi. Yau kwana arba'in da rasuwarki, ina zaune a ɗakinki.

Jiya ɗiyar da na ba ki riƙo tun yaye ta ce in tashi mu zaga cikin gari, zaman makoki ya ishe ni. Na bi ta. Mun fita ta lungun maƙera, mun wuce tsohuwar marina da aka cike da shara, mun kai inda ganuwa ta rage tudu kawai. Ko'ina tana da labari, kuma duk labarin naki ne. Nan kika ɗaure mata ƙafa ranar da ta taka kwalba. Can kike saya mata ƙuli-ƙuli bayan makarantar allo. Ban san tana da tabo a tafin ƙafa ba, Yaya. Shekara ashirin ban sani ba.

A bakin rijiya wata tsohuwa ta yi mata gaisuwa, ta tambayi wace ce baƙuwar. Ta ce ƙanwar Innarta ce daga Gummi. Ba ta yi ƙarya ba. Na yi murmushi, na gyara mayafi.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Duk sallah in kun zo, na ga ta kwanta a cinyarki, sai in shige madafa in ce hayaƙi ne. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira. Ke kina kira sau goma a wuni.

Da za mu dawo muka biyo ta kangon gidan Baba. Ta wuce ba ta ko waiwaya ba, ta ce awaki ke kwana ciki. Ashe ba ki gaya mata ba? A ɗakin bayan nan na haife ta, ke ce kike hura wutar ruwan wankana, da hannunki aka binne cibiyarta kusa da katanga. Kin nuna mata garin nan kaf, me ya sa kika tsallake wannan? Mantuwa ce, ko ke ma kin ji tsoron kada ta koma wurina?

Na tsaya na kalli kangon, sannan na bi bayanta.

Gobe zan koma Gummi, kuma har yanzu ba ta ce za ta bi ni ba. Kafin mu je tasha zan riƙe hannunta in kai ta ɗakin, ko da mutane na kallo. Kin yi mata komai, ban musa ba. Wannan ɗaya dai ki bar mini.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe mini abin da ke raina.

Ƙanwarki,
Balki